Taƙi Ɗaya Daga Kowane Yadi

Abin da na fara gani ranar da muka iso Gagarawa daga Sule Tankarkar shi ne keken ɗinki a ƙarƙashin wata rumfa, da wata mata tana taka shi da ƙafa ba takalmi. Lokacin ana shimfiɗa hanyar jirgi, babana yana sayar wa leburori itace. Matar Kirista ce daga Zariya, mijinta kafinta. Mama muke ce mata. Da safe tana koya wa yara karatu, ni ma na shiga, ina zama can baya don kunya.

Wata rana na nuna mata inda zare ya tsallake a hammatar wata riga. Ta yi dariya ta ce, "Ke dai ba baki, sai ido. Allah bai ba ki shi a banza ba. A wurinmu, yadda ya kira mai wa'azi haka ya kira mai ɗinki. Ko rigar lebura ce, Ubangiji nake yi wa." Ta ɗauke ni aiki, ni ke auna yadin da mutane ke kawowa.

Akwai wata dillaliya da ke cin kasuwar Maigatari. Ta tare ni a rijiya ta ce, "Jikata, ƙyallen da ke faɗuwa ƙasa fa, na wa ne?" Na kai mata, ta ba ni awarwaro. Daga ƙyalle na koma yanke taƙi ɗaya daga kowane yadi, don na lura ba mai sake aunawa. Riguna suka fara fitowa a ɗangale. Aka ce Mama ce ke cin yadi, mutane suka janye. Ina ji, na yi shiru.

Da aikin ɗinki ya tsaya sai na shiga ɗauke zannuwan mutane daga shanya. A nan aka kama ni. Alƙali a Gumel ya ɗaure ni, na yi damina a gidan yari ina daka gero. Maganar yadi kuwa ba wanda ya tambaye ni, ban kuma faɗa ba.

Yara, ku ji. Baiwar da Allah ya ba ku don aiki, da ita Shaiɗan ke fara ciniki, kuma da ƙaramin abu yake tayawa.

Da aka sake ni na tarar da keken a lulluɓe, Mama tana wankau. Na durƙusa na faɗa mata duka. Ta ce ta yafe, in tashi.

Ban tashi ba. Na ce, "Mama, har yanzu ke ake kira ɓarauniya. Ina so in bi gida-gida in ce ni ce, amma muryata ba ta fita a gaban mutane. Don Allah ki raka ni, ki tsaya a bayana har in gama."