Muryar da Ta Rage wa Zomo

Zomo ake kiransa a layin gareji, saboda kunnensa. Bakanike ne, kuma ba ya buɗe mota sai ya faɗi ciwonta. Zai sa a tayar, ya karkata kai, ya lumshe ido, ya ce abu kaza ne, a buɗe a tarar haka ɗin ne. Da wannan kunne ya yi aure, da shi yake ciyar da gida.

Abu ɗaya ne mutanen layin suka kasa gane masa, wato kiɗan metal, wannan mai rugugin jita da ganguna da ke sa kwanon rufi rawa. Shi da maƙwabcinsa mai fentin mota suka taso a kansa, suna son ƙungiya ɗaya saboda mawaƙinta mai siririyar murya, wanda idan ya ƙwala ihu sai tsigar jiki ta tashi. Da mawaƙin ya yi fushi ya tafi, aka ɗauko wani mai kakkaurar murya, aka yi faifai ɗaya da shi, duniya ta yi masa ca, aka sallame shi. Babu wanda ya kai Zomo zagin faifan nan.

Sai ga shi bana ya juya. Daga safe har yamma shi yake sakawa.

"Malam, ka saurara da kyau," yake ce wa mai fenti. "Bawan Allah nan bai kwaikwayi kowa ba. Ya san ba a son sa, amma ya tsaya ya yi da muryarsa. Kuma a nan ne kawai ake jin aikin mai ganga."

"Kai da ka ce kamar bijimi ake yankawa?"

"Ƙuruciya ce."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, sai dai ya ɓoye dalili. Wata rana ya saka tsohon faifan mai siririyar murya, aka zo wurin ihun da ya haddace, bai ji komai ba sai ganguna. Ya canza lasifika, haka. Bayan nan kukan tsuntsaye ya ɓace masa, sai ƙarar wayarsa, sai rabin maganar matarsa idan ta juya baya. Muryar mawaƙin aron ce kaɗai ta rage masa cikakkiya, saboda kaurinta. Tsoro ya shige shi. Kowace mota ta shigo sai ya yi ta kallon bakin mai ita.

Ranar da abin ya zo, ƙanwarsa ce ta tsaya da motarta da rana, a kan hanyar ɗauko yaranta daga makaranta, can saman doguwar gangara.

"Yaya, wani kuka take yi siriri. Ka ji?"

Ta zagaya filin garejin a hankali. Zomo ya karkata kai, ya lumshe ido, mutane suna kallo. Bai ji kukan ba. Da ya ce a ɗaga motar a duba, da shi ke nan, amma girman kai rawanin tsiya.

"Bel ɗin inji ne," ya ce. "Ba komai. Kawo ta gobe."

"To, tunda kai ka faɗa."

Ta tafi. Ya koma ya ƙara sautin faifansa. Can sai mai fenti ya leƙo yana goge hannu da tsumma.

"Wai ina motar ƙanwar tamu? Na ɗauka riƙe ta za ka yi. Ai duk taka burkin da ta yi, ƙarfe ke cin ƙarfe. Daga rumfata nake ji."

Zomo ya miƙe zumbur. Gangarar nan ya hango a ransa, da yara biyu a kujerar baya suna faɗan wa zai zauna gefen taga. Ya lalubo waya, ta suɓuce ta faɗi cikin baƙin mai, ya ɗauka, ya kira. Ya ga alamar an ɗaga. Ya manna ta a kunne.

"Ki tsaya! Duk inda kike ki tsaya, kada ki hau gangarar nan!"

Wani abu na motsi a cikin wayar, siriri, mai nisa. Magana ce ko kuka, bai sani ba. Ya mayar ɗaya kunnen, duk ɗaya. Ya kalli amininsa, ido ya raina fata, ya miƙa masa wayar.

"Don Allah me take cewa? Ba na jin ta."

Mai fenti ya karɓa, ya saurara. "Ta ce ta tsaya. Suna bakin makaranta, ba su taso ba."

Zomo ya zauna a kan tsohuwar taya. Mai fenti ya kalle shi, ya kalli lasifikar da kakkaurar muryar ke fita. Ya matso kusa, ya kaurara tasa muryar.

"Tun yaushe?"

"Tun da na fara son faifan nan." Zomo ya goge fuska da hannun riga. "Amma wallahi yana da kyau."

"Na yarda. Tashi ka ɗauko kayan aiki, ni zan tuƙa."