Akushin Baba a Cikin Gilashi

"Buɗe gilashin nan, akushin ubanmu ne!"

Haka na daka wa wani ma'aikaci tsawa jiya, a tsohon gidan sarautar nan da aka mayar wurin ajiye kayan tarihi. Asibiti ya kai ni Kano, maƙwabcina Malam Sule ya ja ni kallo. Shi ne ma ke rubuta min wannan.

Na san kayanmu. Ga tsagewar da na ɗaure da waya da hannuna. Ranar rabon gado aka nemi akushin nan aka rasa, na rantse ƙanena Habu ne ya sayar. Shekara talatin ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa mu.

Ma'aikacin ya ce, "Baba, ba na sata ba ne. Ga takarda a jiki."

Na ce, "Ka ga na yi kama da ɗan boko? Karanta!"

Ya karanta: kyautar Malam Idi Masassaƙi na Tsanyawa, shi ya kawo da kansa.

Ubanmu ke nan. Sai da aka miƙo min kujera.

Ranar rabon gadon nan har Alƙur'ani Habu ya dafa, na ce ƙarya yake. Ya aurar da 'ya'ya uku, ban taka ba, alhali katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Har yanzu ina ganin laifin Baba da ya yi shiru, Allah ya jiƙansa. Amma na sayi goro, tun safe yana aljihu, na kasa yin sallama a ƙofar Habu.

Jama'a, da wane baki babban wa yake ba ƙaninsa haƙuri?