Hannuwan Iya Kyauta

Sabulun ya kai gwiwar hannu kafin Iya Kyauta ta ɗauraye, sannan ta ɗaga hannuwan sama, ruwa yana gangarowa. Ba ta goge su da zane. Iska ce ke busar da su. Duk Kurfi an san ta da wannan, tun tana unguwarzoma har ta yi ritaya.

A wurin Dakta Enoch ta koya, baƙar fata na farko da ta gani da abin awon ƙirji a wuya, a asibitin Dutsin-Ma. Mutanen ƙauyen Wurma sukan gaishe shi, su zauna a inuwa suna jiran Bature. Ya ce masu shi ne likitan, su ce to, su ci gaba da jira. Sai da ya ciro jariri daga cikin wata Bafillatana, uwa da ɗa suka rayu, sannan layi ya koma ƙofarsa.

Jikarta Nana Fatima tana zaune bakin gado. Ta gudo daga karatun likita a Dutsin-Ma, don ta suma ranar farko da aka shigar da su ɗakin tiyata, ta kuma rantse ba ta komawa.

"Kin dai sha ƙasa, matsoraciya," in ji Iya.

"Iya, dariya suka yi mani."

"Ni ranar da na fara shiga, a bokiti na faɗa, har da tsintsiya. Dakta ya ce in tashi in wanke hannu."

Ta miƙe ƙafarta mai gyambo, ta kwance bandejin da ta saba sakewa da kanta kowace safiya.

"Yau hannuna rawa yake. Zo."

Nana ta kalli ciwon, ta kau da kai. Can ta jawo buta. Ta wanke har gwiwa, ta ɗaga hannuwa sama ba tare da an ce mata ba. Ta goge ruwan ciwon, ta naɗe.

Iya ta taka ƙafar, ta jinjina.

"Ya yi tauri, amma ba ki faɗi ba. Yaushe motar Dutsin-Ma ke tashi?"

"Bayan azahar."

"To, haɗa kayanki, Dakta."

Iya ta ɗauki butar da hannun da ko kaɗan ba ya rawa, ta ɗaga labule ta fita.