Goyon Gaba

Jikata ta fari bakwaini ce. Da aka miƙo mini ita a asibiti, ƙafafunta sanyi ƙalau, nauyinta bai kai na ɗan tsako ba a hannuna. Na ce maza a sa ta a kwalba. Nas ɗin ta ce kwalaben duk da jarirai a ciki. Sai kawai ta tuɓe yarinyar, daga ita sai hula da kunzugu, ta cusa ta cikin rigar uwarta, fata da fata, ta ɗaure da zani.

Na ce, "Malama, a garinku a gaba ake goyo?"

Ta ce, "Hajiya, sanyi ne zai kashe ta. Ɗumin jikin mutum shi ne kwalbarta. Kar a sauke ta, kuma kar mai tari ya goya ta."

Sai da na aurar da 'ya'ya na shiga makarantar manya, amma goyo kam ba a aji na koye shi ba. Na bi maganarta ne don ba ni da kwalbar.

Muka dawo gidan 'yata a Madabo. In za ta yi wankan jego, ni nake karɓar goyon. Ana haka mura ta kama ni. Ruwa ya tafasa, uwa na tsaye, gidan ba kowa sai surukina, maɗinkin hula, mutumin da tun aurensu bai taɓa haɗa ido da ni ba. Ya shigo kansa a ƙasa, ya ce, "Umma, ki gafarce ni." Ya cire rigarsa. A gabana. Ya karɓi yarinyar ya manna ta a ƙirjinsa. 'Yar fari kuma, wadda a da ko sunanta uba ba ya kamawa. Na juya na fuskanci bango, ina jin 'yata tana ce masa, "Ɗago kanta, Malam, ai ba hula ba ce."

Ta rayu. Yanzu har tsiwa take yi mini.

Bara maƙwabciyarmu ta haifi tagwaye, wata bakwai. Uwar ta ɗauki ɗaya. Na je barka, na tarar da kakansu a zaure, dattijo mai furfura, yana biya wa ɗalibai karatu ƙasa-ƙasa, babbar rigarsa ta yi tudu a ƙirji. Na gaishe shi, ya amsa da hannu don kar ya tashi ɗayan jaririn da ke cikin rigar. Mata suna ta wucewa da kwanukan kunu. Ni kaɗai na tsaya baki buɗe.