Na Raka Mahaifina Makka da Tukunyar Oksijin

Lokacin da abin nan ya faru ina aikin nas a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Isa, ina da aure da yara ƙanana, kuma ban daɗe da dawowa daga kwas ba. An zaɓo mu ne daga asibitoci daban-daban anka tura mu koyon kula da lafiyar masu tafiya a jirgin sama, don a riƙa sa mu cikin masu rakiyar alhazai. A can na san cewa idan jirgi ya yi sama iskar cikinsa ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba. Mai lafiya ba ya ji, amma mai ciwon zuciya ko ƙarancin jini tana iya kada shi. Har wani ɗakin ƙarfe anka sa mu, ana zuƙe iskarsa a hankali. Na ga farcena ya yi duhu, ina ta dariya ba dalili, anka tambaye ni sunan garinmu na kasa faɗi, sai da anka mayar mini da abin shaƙar oksijin.

A shekarar ruwa ya ɗauke tun gero bai fidda kai ba. Mahaifina yana zaune kusa da Burkusuma, yana noma yana kiwo, sai shanunsa sunka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ba za shi zuba ido fari ya cinye guminsa ba, ya kai sauran kasuwa ya biya kujerar Makka. Da na je yi masa murna na tarar ƙafafunsa sun kumbura, idonsa ya yi fari, daga zaure zuwa ɗaki sai ya tsaya ya huta. Na gaya masa jikin nan ba za shi ɗauki jirgi ba. Ya yi dariya ya ce ai zaune ake yi. Ranar gwajin maniyyata a Sabon Birni likita ya tambaye ni abin da na sani, ni kuwa ban ɓoye ba, sai ya dakatar da shi.

Gidanmu ya yamutse. Yayana ya ce boko ya sa na shiga tsakanin tsoho da ɗakin Allah. Baba ya daina amsa gaisuwata. Sannan na ji labarin da ya hana ni cin abinci, wai za shi ƙetara Nijar ya tashi ta can, inda ba wanda ya san ciwonsa. Na hau babur na je na durƙusa gabansa. Na ce ba hana shi nake ba, so nake ya isa da ransa. Na roƙe shi ya zo gidana ya zauna, ya sha magani, ya ci abinci, in likita ya sake dubawa ya yarda, ni za ni raka shi. Ya daɗe yana kallon turakun da babu komai a kansu, sannan ya ce a ɗauko masa buzunsa.

Bayan 'yan makonni a gidana kumburin ya sauka, jininsa ya ɗan ƙaru. Likita ya yarda, da sharaɗin a tanadi oksijin a jirgi, kuma anka sa ni cikin tawagar ma'aikatan lafiyar jirgin. Tun da munka tashi daga Sakkwato idona na kansa. Can tsakiyar tafiya ina duba wata tsohuwa mai amai, sai na jiyo dariyarsa. Yana ta kiran shanunsa da sunka mutu, kowace da sunanta, yana cewa a kora su rafi. Alhajin da ke gefensa ya ce in bar shi, murna ce. Na kama hannunsa na ga farcen ya yi duhu, kamar yadda nawa ya yi a ɗakin ƙarfen nan. Na sa masa abin shaƙa ya fizge, na mayar ya sake fizgewa, sai da na danne hannuwan mahaifina da ƙarfi, abin da ban taɓa zaton za ni yi ba. Likitan tawaga ya zo ya saurari ƙirjinsa, ya ce ruwa na taruwa, ya yi masa allura. Anka sanar da matuƙi, ana shawarar ko a sauka a wata ƙasa. Ni dai na durƙusa tsakanin kujeru, ina kallon ma'aunin tukunyar oksijin yana yin ƙasa, ina tunanin da wane baki za ni gaya wa Inna.

A hankali numfashinsa ya daidaita. Ya buɗe ido ya dube ni sosai, ya ce, "Ke, tashi daga ƙasa, mutane na kallo." Nan ne kuka ya ƙwace mini.

Ba a tsaya a hanya ba; da munka isa, daga filin jirgi asibiti anka wuce da shi. Ya yi aikin hajjinsa a keken guragu, munka dawo da oksijin a hancinsa tun daga tashi. Allah ya nuna masa damina mai kyau kafin ya karɓi abinsa, a ɗakinsa, cikin iyalinsa.

Har yau makonnin da ya yi ba ya amsa gaisuwata suna ci mini rai, amma da na yi shiru don a so ni, da wataƙila a kan kujerar nan za shi cika. Ina roƙon masu shirya wa iyayensu tafiya kada su ɓoye ciwo ranar gwaji, kada kuma su bi ta bayan gida don an dakatar da su. 'Yan'uwana ma'aikatan lafiya kuma, idan tsoho ya fara dariya ko surutu a sama, ku tashi ku je ku duba shi.