Ranar da Kwamfuta Ta Mayar da Surukina Makiyayi

Ni ban gama sakandare ba. Ina faɗa tun yanzu don kada wani ya zo daga baya yana yi mini gyaran rubutu kamar ya tono wani asiri. A aji uku na tsaya, na koma bakin kotu a nan Haɗeja na koyi tafireta wajen wani tsoho mai rubuta wa mutane takardar koke. Na daɗe a kan aikin har yatsuna suka haddace mazaunin kowane harafi. Ko ido a rufe zan buga maka wasiƙa babu kure. Sai kwamfuta ta zo, aka tura tafiretata ƙarƙashin gado, ni ma saura kaɗan a tura ni.

Wanda ya ɗauke ni aiki taubashina ne, ɗan kawuna. Tare muka shiga firamare, ni nake yi masa lissafi, amma shi ya wuce har ya samo difloma, ya dawo da tabarau da tumbi ya buɗe shagon buga takardu kusa da kasuwa. Yana kirana bawansa, tunda taubasantaka ta ba shi baki. Ni kuma ina kiransa Farfesa, kuma ya san ba girmamawa ba ce.

Farfesa ba ya son manhajar da kowa yake rubutu da ita. Wata daban ya ɗora mana mai baƙar fuska, rubutu zalla, da layi guda a can ƙasa inda take yi maka tambaya. Ya tsara ta yadda in ana rajistar mutane sai ta riƙa tambaya bi da bi: suna, gari, sana'a. Ka amsa, ka danna maɓallin Enta, ta jera. Abin da ya burge ni, ko da yake ban taɓa gaya masa ba, shi ne in ka buga haruffa biyu na farkon sunan gari ka taɓa wani maɓalli a hagu, sai ta ƙarasa maka. Garin Malam Madori ma, duk tsawon sunansa, haruffa biyu sun ishe shi.

Rigimarmu ta farko a kan amsar da take ajiyewa ce. Duk abin da ka rubuta wa mutumin baya, sai ka tarar da shi zaune a gurbin na gaba, kamar baƙon da bai san an kwashe kwanuka ba. In kana so ka bar shi, in ba ka so ka goge. Ni kuwa mutumin tafireta ne, farar takarda na saba gani. Sai in hau bugu ban goge ba, sabon ya manne a wutsiyar tsohon. Na taɓa fitar da wani bawan Allah daga garin Kafin HausaGuri, Farfesa ya yi sati yana tambayata a wace tasha ake shiga motar garin.

Na ce masa, "Ka gaya wa abar nan ta daina riga ni magana. Ni aka ɗauka aiki ko ita?"

Ya zauna ya yi 'yan danne-dannensa, ya ce, "To bawana, na share maka gurbin. Amma dubi gefen tambayar, ka ga ɗan rubutun nan dishi-dishi? Amsar baya ce. In ka rubuta taka, taka za ta ɗauka. In ka bar wurin fayau ka danna Enta, waccan za ta ɗauka. Ka gane?"

Na ce na gane. Gaskiya daga "na share maka gurbin" kunnena ya rufe, don abin da nake son ji ke nan. Watanni suka wuce babu matsala, saboda ni ba na tsallake tambaya.

Sai shekarar da kogi ya yi mana rashin mutunci. Ruwa ya cinye shinkafar mutane a fadama, ya rushe rumbuna. Da ya fara ja da baya, wata ƙungiyar agaji ta ce za ta raba wa manoma irin wake mai saurin nuna, su shuka a kan damshin da ruwan ya bari, makiyaya kuma a ba su dusa. Kowa a garinsa zai karɓa. Shagonmu aka ba aikin rajista. Wanda ya san fadama ya san damshin nan ba ya jiran kowa. In ƙasa ta daskare ba ka sa iri ba, sai wata shekara.

Rana ta uku da fara rajista, da hantsi, layi ya kai har bakin kwata. Na gama da wani dogon mutum mai sanda, makiyayi daga Kafin Hausa, na ɗaga kai in kira na gaba, sai na ga surukina, mahaifin matata. Daga Guri ya taso. Dattijo ne marar yawan magana. Shekara da shekaru ina auren 'yarsa, ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Rumbunsa yana cikin waɗanda suka faɗi, da irin da ya ajiye duka.

Yanzu wani ɗan boko zai ce me ya hana ka yi masa tambayoyin kamar kowa. To ni ba a haka aka raine ni ba. Ba na zama a kan kujera surukina yana tsaye, ba na kallon idonsa, balle in buɗe baki in ce Baba mene ne sunanka, mece ce sana'arka, sai ka ce ɗan sanda. Na sulale daga kujera na durƙusa, na cire takalmi, na gaishe shi, na yi masa jajen ruwa. Farfesa ya miƙa masa benci ya zauna. Ni kuwa na kasa tashi. Ina nan durƙushe, kai a ƙasa, na miƙa hannu sama bisa tebur na lalubo madannan haruffa. A nan ne tafireta ta yi mini rana, a tunanina. Na buga sunansa tsaf ban duba ba. Sauran tambayoyin biyu na ce bari in bar su fayau in sallami dattijo, in ya tafi in cike a natse. Na danna Enta, na sake dannawa.

"An gama, Baba," na ce wa ƙasa.

Ya ce, "Har an gama? To madalla. Allah ya yi albarka." Ya tafi.

Mutane suka danno, na manta. Da la'asar na tuna, na bi jerin daga sama har ƙasa ina neman layin da yake da giɓi. Babu ko ɗaya, kowane layi a cike. Na ce ashe na cike na manta, har na ɗan yaba wa kaina. Aka buga a firinta aka kai.

Bayan kwana biyar na dawo gida cin abincin rana, na tarar da buhu biyu a zaure. Na taɓa, na ji dusa. Matata tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Na ce, "Wa ya kawo mana dusa? Ko kaza ba mu da ita."

Ta ce, "Baba ne. Ya ce a ajiye wa mai shanun."

"Wane mai shanu?"

"Ai kai za a tambaya, Malam, tunda kai ka rubuta. Ya je wajen rabo a Guri, aka ce babu sunansa, yana Kafin Hausa. Ya hau mota da ciwon ƙafarsa ya je, aka kira shi a layin makiyaya. Mutumin da ko akuya bai taɓa ɗaurewa ba. Ya ce kuma bai yi musu ba, tunda surukinsa mai ilimi ne, wataƙila ya san wani garke da shi bai sani ba."

Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ƙara da cewa maƙwabtansa duk sun shuka, gonarsa ce kaɗai ta rage, kuma gefen tudu ya fara tsagewa.

Ban ci abincin ba. Na koma shago na samu Farfesa na ce kwamfutarsa ta yi wa surukina ƙazafi. Ya buɗe jerin, ya duba layin dattijo, ya duba na samansa, ya cire tabarau ya yi dariya har da riƙe tebur.

"Bawana, me ka rubuta a gari?"

"Ban rubuta komai ba."

"Sana'a fa?"

"Na ce maka ban rubuta komai ba. Shiru na yi."

"To ai shirun ne. A wajenta shiru amincewa ce da abin da ke gefe. Na nuna maka."

Na ce a wajen mutanen kirki, in mutum ya yi shiru jira ake yi ya yi magana, ba a cusa masa zancen wani a baki. Ya ce mutanen kirki kuma ba sa aiki da kwamfuta daga ƙarƙashin tebur. Muka kira mutanen ƙungiyar, suka ce an rufe rabo, iri ya ƙare, sai haƙuri.

Washegari ta kama ranar kasuwar Kafin Hausa. Na ari babur ɗin Farfesa, na ɗaure buhunan nan biyu, na kama hanya ina tangaɗi kamar mai koyo. Dabarar matata ce, ba tawa ba, gara in faɗa kafin ta karanta. Ta ce a can akwai masu noma da kiwo a haɗe, wasu an rubuta su manoma an ba su wake alhali gonarsu tana ƙarƙashin ruwa har yanzu, shanunsu kuwa suna kuka. Na shiga kara, wajen masu dabbobi, ina bi ina tambaya kamar mai cigiya. Wanda ya fara gane ni shi ne dogon nan mai sanda. Da na ba shi labari ya kira 'yan uwansa su zo su ji, sai da na maimaita sau uku. Ɗayansu ya ce in dai dattijon ya shigo cikinsu, to ya kamata ya zo a nuna masa yadda ake tatsa. Bayan sun gama shan dariyarsu, wani ƙanen dogon ya kai ni gida ya fito da wakensa, ko ɗinkin buhun bai kwance ba, muka yi musaya.

Daga nan ban tsaya ba sai Guri. Na samu Baba a bakin gona yana zaune a kan kunya yana duban ƙasa. Na sauke buhun, na durƙusa a cikin taɓo da wandona na zuwa aiki. Ya kwance bakin buhun, ya ɗebi waken ya murza a tafin hannu, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Lale. Ka baro su lafiya?"

Na ce, "Su wa, Baba?"

"Shanun nawa."

Na rantse a ranar na fara ganin haƙorinsa, kuma saura huɗu ne. Muka shuka gefen kwari ni da shi har rana ta yi sanyi. Gefen tudu ya riga ya wuce, wannan kam ni na ci masa shi, kuma ba na musu. Abin da muka shuka ya yi, har ya aiko mana da kwano biyu da kaka, tare da saƙon a gaida makiyayinsa.

Na so Farfesa ya cire ɗan rubutun nan gaba ɗaya, fayau ya zama fayau. Ya ce to, amma in shirya buga sana'ar mutum ɗari uku da hannu a rana, alhali kusan duk manoma ne. Na yi tunani na ce ya bar shi, sai dai ya ƙara masa haske, don ba kowa ne ya samo tabarau a makaranta ba. Ya mayar da shi ja. Yanzu kafin in danna Enta sai na harare shi tukuna.

Bara da aka sake wata rajistar, na hango hular Baba a layi tun daga nesa. Na tashi na ce wa Farfesa ya zo ya zauna a kujerata, ni zan je alwala. Ina daga bayan shago na ji yana tambaya da muryarsa ta 'yan boko, "Baba, sana'a fa?" Dattijo ya ce, "Duba abin da injin ya ce tukuna, kada in yi masa ƙarya."