Farin Ƙanzon Buta

Shekaranjiya da safe na tsiyaya ruwan zafi a kofi, sai na ga wani farin ɓarɓashi yana yawo a ciki kamar an murmushe alli. Na leƙa cikin butar lantarkin, gindinta duk ya yi farin ƙanzo. Na daɗe tsaye riƙe da ita har shayin ya fita a raina, domin irin wannan ƙanzo ne ya raba ni da kakata.

Mahaifiyar babana ce, kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana takwara. A Wurma take zaune, cikin ƙasar Kurfi. Shekarar da ciwon ƙafa ya matsa mata, Baba ya ɗauko ta ya kawo ta gidanmu na Dutsin-Ma. Lokacin ina aji huɗu na firamare. Bazara ce, zafi har cikin ƙashi, randuna ba sa sanyi sai an lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu.

Gidan yana da famfo da ake turo wa ruwan burtsatse, abin da muke alfahari da shi. Ranar da ta iso ta kurɓa sau ɗaya, ta juya shi a baki, ta ce ruwan nan zartsi ne. Muka yi dariya. Amma gaskiyarta: sabulu ba ya kumfa, fararen kaya suna dafewa, wake kuwa ya wuni a wuta bai nuna ba sai ta jefa masa kanwa. Kullum akwai ƙullin kanwa a bakin zanenta.

Baba yana da butar lantarki da ya sayo a Katsina, yana ji da ita. An hana yara taɓawa. Kaka kaɗai aka yarje wa, saboda ruwan ɗumin da take gasa ƙafarta da shi. Ta koyi danna maɓallin, tana yin bismilla kafin ta taɓa, tana murna kamar yarinya.

Wata Asabar da hantsi aka kawo wuta, manya duk sun tafi suna a maƙwabta, ita kuma tana barci. Na cika butar na kunna don in ga yadda take tafasa. Ta yi gurnani, ta yi wata ƙara, sai ƙauri ya tashi. Na zare ta na mayar inda take.

Da Baba ya dawo ya buɗe, ya ga farin ƙanzo ya lulluɓe ƙarfen da ke ɗumama ruwan, ya tambayi wanda ya zuba wani abu a ciki. Ba ni ya kalla ba ma. Amma bakina ya riga ni, na ce na ga Kaka tana jefa kanwa.

Bai yi mata faɗa ba, ba ya ɗaga murya a gabanta. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya ce, “Inna, kayan wutar nan ba a sa musu kanwa. Daga yau ki bari a riƙa dafa miki.” Ta dube shi, ta dube ni ina laɓe a bayansa. Ta ce to, Allah ya ba da haƙuri.

Daga ranar ba ta ƙara taɓa ko maɓallin fitila ba. Idan magariba ta yi sai ta zauna cikin duhu har wani ya shigo ya kunna mata. Ba ta daina ba ni ragowar furarta ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Da ruwan farko ya sauka ta ce gonarta na kiranta, ta koma Wurma da ƙafar da ba ta warke ba.

Baba ya sayi wata butar. Kafin lokacin girbi, ita ma sabuwar butar ta mutu, da irin ƙanzon nan a gindinta. Mai gyara ya ce ruwan unguwarmu ne, haka yake cin butoci da kan famfo. Ina wurin, na ji da kunnena. Shekara biyu bayan haka Kaka ta rasu, ban ce mata komai ba.

Sai bara na gaya wa Baba gaskiyar abin da ya faru, yana kishingiɗe a zaure, shi ma yanzu ƙafa ta kama shi. Ya ce ya sani. Tun mutuwar buta ta biyu ya hau mota ya je Wurma ya ba Kaka haƙuri, ya roƙe ta ta dawo, ta ƙi. Ya tambaye ta dalilin da ya sa ba ta musa ba. Ta ce, “Da na musa, da takwara ta sha bulala. Kada ka taɓa yi mata maganar.”

Yanzu rijiyar gidanta an rufe ta da marfin siminti, mutanen unguwar ma burtsatse suke sha, wanda hasken rana ke juyawa. Yara ba su san ana ɗanɗana ruwa a gane halinsa ba. Ni kuma in abu ya lalace a gidana, ba na tambayar ’ya’yana wa ya taɓa. Na san saurin da bakin yaro yake yi idan tsoro ya kama shi, kuma ba kowane gida ne ke da tsohuwar da za ta ɗauka ta yi shiru ba.